Kalmomin yau da kullum na harshen Walon: inda Turanci zai taimake ka da inda zai ɓatar da kai

Tambaya: Na samu gurbin karatu a birnin Liège na ƙasar Beljiyam. An ce mini ban da Faransanci akwai wani harshe na gargajiya da dattawa ke yi, wai shi Walon. Ina jin Turanci sosai, Faransanci kuma kaɗan-kaɗan. Shin kalmominsa na yau da kullum sun yi kama da na Turanci, har abin ya zo mini da sauƙi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa a tafi a sa'a. Turancinka zai yi maka rana, amma ba a wurin da kake zato ba. Walon daga Latin ya fito, uwarsu ɗaya da Faransanci, kuma ba gurɓataccen Faransanci ba ne kamar yadda wasu ke faɗa. Kowanne a gidansa ya girma. Turanci kuwa dangin Jamusanci ne da harshen Holan. Saboda haka a kalmomin da yaro ke fara buɗe baki da su, irin su ruwa, hannu, ɗaya, biyu, da wuya ka ga kama. Inda suke haɗuwa daban ne. Bayan Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Turanci ya kwashi dubban kalmomi daga tsohon Faransancin wancan zamani, ya ajiye su da furucinsu na da. Faransancin Paris ya ci gaba da sauyawa, ya zubar da wasu sautuka, Walon kuma ya riƙe su. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar kalmar Walon ta fi kusa da ta Turanci fiye da ta Faransanci, alhali ba daga juna suka ara ba. Rijiya ɗaya suka ɗiba.

Kafin mu shiga kalmomin, akwai wani tarnaƙi da ke kayar da masu koyo tun a makon farko, wato rubutu. Walon na da manyan kare-karen harshe huɗu: na gabas shi ne na Liège, na tsakiya na Namur, na yamma na Charleroi, na kudu kuma na wajejen Bastogne. Ƙa'idojin rubutu kuma biyu ne. Ta farko ita ce wadda Jules Feller ya tsara a 1900, inda kowa ke rubuta kalma yadda ake furta ta a garinsu. Ta biyu ita ce *rifondou*, wadda aka fara ginawa a shekarun 1990, inda ake rubuta kalma da siffa guda, kowa ya karanta da bakin garinsu. Ɗauki gida: a *rifondou* ana rubuta *måjhon*, mutumin Liège ya ce *mohone*, na Namur ya ce *maujone*. Kifi *pexhon* ne, ya zama *pèhon* a Liège, *pèchon* a Namur. Kyakkyawa *bea* ne, Liège ta ce *bê*, Namur ta ce *bia*. Uku *troes* ne, can *treûs*, nan *trwès*. Wanda bai san wannan ba sai ya tsinci kalma daga littafin Namur, ya tsinci wata daga na Liège, ya haɗa su a jimla guda, kamar mai fara magana da Sakkwatanci ya ƙare da Kananci. Za a gane shi, amma kunne zai ƙi. Tunda Liège za ka zauna, ka riƙe cewa *xh* da *jh* duk *h* ne a bakinsu, *ea* ya zama *ê*, *oe* ya zama *eû*, *å* kuma dogon *o* ne buɗaɗɗe. A nan zan yi amfani da *rifondou*, in kawo na Liège inda bambancin ke da yawa.

Ga wani sauƙi da Bahaushe ke da shi wanda Bafaranshe ba shi da shi: *tch* na Walon shi ne *c* ɗinmu na ciki da cokali, *dj* kuma shi ne *j* na jaki. Nan ne ƙofa ta farko zuwa Turanci. Tsohon Faransanci yana da waɗannan sautuka biyu, sai wajen ƙarni na 13 ya sassauta su, amma Turanci da Walon suka tsaya a kan na da. Ɗaki *tchambe* ne, ka ji *chamber* a ciki. Kujera *tcheyire*, ga *chair*. Bututun hayaƙi *tchiminêye*, ga *chimney*. Lodin kaya *tcherdjî*, ga *charge*. Alƙali *djudje*, kusan furucinsa ɗaya da *judge*. Murna *djoye*, ga *joy*. Ƙarshen kalma ma haka: ƙauye *viyaedje*, harshe *lingaedje*, ƙarfin hali *coraedje*, duk suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da *village*, *language*, *courage*. Sai dai kada ka miƙe da wannan ƙa'ida ido rufe. Turanci na da *cat* da *castle* da sautin *k*, amma Walon ya ce *tchet* ga kyanwa, *tchestea* ga fadar sarauta mai ganuwa. Idan ka ji wani a Beljiyam ya ce *cat* ko *catiau*, to Picard yake yi, harshen wajejen Mons da Tournai, wanda maƙwabci ne amma ba Walon ba.

Ƙofa ta biyu ta fi kowacce faɗi, ita ce ta harafin *s*. Duk inda ka ga Faransanci ya ɗora 'yar hula a kan wasali, kamar a *fête*, *bête*, *pâte*, *croûte*, yawanci wani *s* ne ya faɗi a wurin. Turanci ya riƙe shi: *feast*, *beast*, *paste*, *crust*. Walon ma ya riƙe, sai dai shi *t* ɗin da ke biye ne ya haɗiye idan ya zo a ƙarshe: *fiesse* biki, *biesse* dabba, *påsse* kwaɓaɓɓen gari, *crosse* ɓawon burodi. Haka *mwaisse* maigida ko malamin makaranta, ɗan'uwan *master*, da *moståde*, wato *mustard*. Kai *tiesse* ne, taga *finiesse*. A farkon kalma ma, inda Faransanci ya ce *école* da *étable*, Walon ya ce *scole* da *ståve*, Turanci ya ce *school* da *stable*.

A nan akwai wani abu da ke rikita mai duba ƙamus. Walon ba ya son baƙaƙe uku su jeru, don haka kalma ɗaya na iya samun siffa biyu gwargwadon abin da ya gabace ta. Ana cewa *li scole*, makarantar, domin *li* ya ƙare da wasali. Amma ana cewa *ene sicole*, wata makaranta, domin *ene* da sautin *n* yake ƙarewa, sai a cusa *i* a raba baƙaƙen. Aikin da bakin Bahaushe ya yi ke nan da ya mayar da *skirt* siket. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi, a cire wasali: gobe *dimwin* ne, amma sai gobe *a dmwin*, doki *tchivå*, amma dokin *li tchvå*. Idan ka nemi kalma ba ka gan ta ba, ka cire *i* na gaɓar farko ko ka ƙara shi, galibi za ta fito.

Ƙofa ta uku ita ce *w*. Kalmomin da suka shigo daga harsunan Jamusawan da, Faransancin Paris ya mayar da farkonsu *g*, amma arewacin Faransa da Beljiyam suka bar su da *w*. Tsarewa ko ajiyewa *wårder* ne, Faransanci *garder*, Turanci *ward*. Sa kuɗi a kan gardama *wadjî*, ga *wager*. Wainar nan mai gida-gida da Liège ta yi suna a kanta *wafe* ce, 'yar'uwar *wafer* da *waffle*. Rina *wesse*, ga *wasp*. Shi kansa sunan Walon tushensa ɗaya da *Wales* da *Welsh*, daga wata tsohuwar kalma da Jamusawan da ke kiran maƙwabtansu masu wani harshe da ita. Amma yaƙi *guere* ne, da *g*, duk da Turanci na da *war*. Ta huɗu ƙarama ce: inda Faransanci ke rubuta *qu* ya furta *k* kawai, Walon na furta *kw* kamar a kwano, yana rubuta *cw*. Kwata *cwårt*, barin wuri *cwiter*, nema *cweri*, ka kwatanta da *quart*, *quit*, *query*.

To, ga inda Turanci ke ja da baya. Ruwa *aiwe* ne, ana furta shi kamar *êw*. Burodi *pwin*, a Liège *pan*. Madara *laecea*, a Liège *lècê*. Nama *tchå*, ƙwai *oû*, gishiri *sé*, man shanu *boure*, cuku *froumadje*. Ƙofa *ouxh*, a Liège *ouh*. Hannu *mwin*, ƙafa *pî*, baki *boke*, kunne *oraye*, ido *ouy*, zuciya *cour*, haƙori *dint*, ciki *vinte*. Kare *tchén*, saniya *vatche*, kaza *poye*. Waɗannan sai hadda. Abin da ke rage nauyin haddar shi ne neman ɗan'uwa na nesa a cikin manyan kalmomin Turanci, ka rataya sabuwar kalmar a jikinsa. *Aiwe* na cikin *ewer*, butar ruwa. *Pwin* na cikin *pantry*, ɗakin ajiye burodi. *Ouxh* na cikin *usher*, wanda asalinsa mai tsaron ƙofa ne. *Dint* na cikin *dentist*, *poye* na cikin *poultry*. Launin rawaya *djaene* ne, shi ne a cikin *jaundice*, ciwon shawara. Dabbobi kuma akwai abin lura: *boûf*, *vea*, *moton* a Walon dabbobi ne masu rai, wato sa, maraƙi, da rago, amma Turanci ya mayar da *beef*, *veal*, *mutton* sunan namansu a faranti.

Dankalin turawa shi ne kalmar da ta fi nuna maka garin mutum. A Liège *crompire* ne, daga Jamusanci *Grundbirne*, wato 'ya'yan itacen ƙasa. A Namur *canada* ake cewa. A yamma za ka ji *petote*.

Ƙidaya daga ɗaya zuwa goma: *onk, deus, troes, cwate, cénk, shijh, set, ût, noûf, dijh*. Ashirin *vint*, talatin *trinte*, saba'in *septante*, casa'in *nonante*, ɗari *cint*, dubu *meye*. Saba'in da casa'in ɗin nan haka za ka ji su ko a Faransancin Beljiyam, saɓanin na Faransa. Sha biyu *doze* ne, tushensa ɗaya da *dozen*. Kwanakin mako *londi, mårdi, mierkidi, djudi, vénrdi, semdi, dimegne*. Turanci bai da amfani a nan, domin yawancin nasa daga sunayen gumakan Jamusawan da suke, sai *londi* da *Monday* da suka haɗu a ma'ana, ranar wata. *Semdi* kuwa ya fi kusa da namu, domin daga *sabbatum* ya fito, tushe ɗaya da *as-sabt* na Larabci da ya ba mu Asabar. Watanni kusan kyauta ne ga mai jin Turanci: *djanvî, fevrî, måss, avri, may, djun, djulete, awousse, setimbe, octôbe, nôvimbe, decimbe*. Ka lura *awousse* ba Agusta kaɗai yake nufi ba, har da girbi, domin a watan ne ake yanke hatsi a can.

A kalmomin lokaci akwai guda biyu da nake so ka duba da kyau. Tsakar rana *nonne* ce, kuma ita ce *noon*. Dukansu daga Latin *nona* suke, awa ta tara daga fitowar rana, wajen ƙarfe uku ke nan, lokacin wata addu'a ta masu zaman ibada a coci. Sannu a hankali lokacin ya matso zuwa tsakar rana, kalmar ta biyo shi a harsunan biyu. Don haka *après-nonne* daidai yake da *afternoon*, gaɓa da gaɓa. Ta biyu *evoye*, ma'ana ya tafi, ba ya nan. An gina ta daga *e* da *voye*, wato a kan hanya, kuma haka aka gina *away* daga tsohon *on way*. Sauran sai ka haddace: yau *ouy*, rubutunsa ɗaya da ido, jiya *ayir*, yanzu *asteure*, kullum *todi*, da yawa *bråmint*, rana ta kwana *djoû*, dare *nute*. Abinci uku a Liège su ne *didjuner* na safe, *dîner* na rana, *soper* na dare. Ka ja *i* ɗin *dîner* da kyau, domin in ka gajarta shi ka ce *diner*, bayarwa ka faɗa. Kunnen da ya saba raba dogon wasali da gajere ba zai sha wahala a nan ba.

Yanzu tarkuna, domin kamar da ke taimako ita ce kuma ke yaudara. *Loukî* a Liège dubawa ne, kuma tushensa ɗaya da *look*, wannan lafiya lau. Amma a Namur dubawa *waitî* ne, ɗan'uwan *wait*, alhali jira *ratinde* ne, ko *rawårder* a Liège. Asalin *waitî* da *wait* gadi ne, Walon ya riƙe ɓangaren sa ido, Turanci ya riƙe ɓangaren zaman dako. *Valet* yaro namiji ne kawai, ba bara ba, don haka idan tsohuwa ta ce maka *mi valet*, ɗana take nufi. *Djournêye* yini ne, ba tafiya ba, ko da yake *journey* daga tafiyar yini guda ya samo suna. *Spene* ƙaya ce, ba ƙashin baya ba. *Stoper* toshe rami ne. *Braire* a Namur kukan hawaye ne na mutum, a Liège ihu ne, *bray* na Turanci kuwa kukan jaki. *Biesse* dabba ce, amma in aka faɗa wa mutum, an ce masa wawa. Akwai kuma waɗanda kamar tasu a ido ce kawai, babu dangantaka ko kaɗan: *want* safar hannu, *sour* 'yar'uwa, *set* bakwai, *live* littafi. Wannan na ƙarshe *lîf* ake furta shi, domin baƙin ƙarshe na rasa ƙararsa a Walon: tebur *tåve* ya zama *tåf*, ja *rodje* ya ƙare da sautin *c*.

A dangi, uba *pere*, uwa *mere*, ɗan'uwa *fré*, ɗa *fi*, 'ya *feye*, yaro ƙarami *efant*, yarinya *båshele*, a Liège *båcèle*. Kawu da baffa duk *mononke* ne, inna da gwaggo duk *matante*, babu rarrabewa kamar yadda Turanci ma bai rarrabe ba. A cikin waɗannan biyun, *mon* da *ma* na Faransanci sun manne sun zama jikin kalma, shi ya sa ake cewa *mi mononke*, kawuna. Kada ka cire su da sunan gyara.

Nahawu na da wurare uku da suka shafi yadda za ka haddace kalma. Na farko, sifa na zuwa kafin suna kamar a Turanci, saɓanin Faransanci: *ene blanke måjhon*, farin gida, *on foirt ome*, ƙaƙƙarfan mutum. Amma tana bin jinsi da jam'i, abin da Turanci ba ya yi, Hausa kuwa na yi a fari, fara, farare. A jam'in mace ana ƙara *ès*: *li djaene foye*, rawayan ganye, *les djaenès foyes* idan suna da yawa. Na biyu, *li* ɗaya ne ga namiji da mace, kamar *the*, haka ma *mi*, nawa ko tawa, da *si*, nasa ko nata. Wannan sauƙi ne mai ɓoye wahala, domin jinsin na nan, sai ya ɓullo maka a sifa. Maganinsa shi ne kada ka taɓa rubuta suna da *li* a littafinka. Rubuta shi da *on* idan namiji ne, da *ene* idan mace ce, a Liège *ine*. Na uku, aikatau *saveur*, sani, na ɗaukar ma'anar iyawa: *dji n' såreu* ba zan iya ba ne. Shi ya sa ɗan Beljiyam zai ce maka da Faransanci bai san zuwa ba, yana nufin ba zai samu zuwa ba. *Can* na Turanci ma asalinsa sani ne.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne wakilin suna. Ni *dji* ne, kai ko ke *ti*, ku *vos*. A Faransanci za ka ce wa aboki *tu* ba laifi. A Walon *ti* na da kaifi, a wurare da yawa rashin ladabi ne ko alamar faɗa, kuma a gidaje da dama *vos* ake ce wa mata, miji, da ƙananan yara. Turanci ya bi wannan hanya har ƙarshe, ya yar da *thou* ya bar *you* ga kowa. Kai dai ka ɗauka da surukai kake magana kullum, ka ce ku. Babu dattijon da zai ji haushin *vos*, amma *ti* ɗaya daga bakin baƙo na iya rufe hira.

Gaisuwa ba ta da yawa. *Bondjoû* barka da rana. *Ké novele?* daidai yake da ina labari namu. A Liège lafiya ake tambaya da *kimint va-t i?* Na'am *oyi* ne a Namur, *awè* a Liège, a'a *neni*. Akwai *siya*, i ɗin da ake amsa tambayar korewa da shi, kamar wanda aka ce masa ba ka ci ba, ya ce na ci mana. Turanci na yau ba shi da irinsa. Godiya *merci*, mai yawa *merci bråmint*. Ban sani ba *dji n' sai nén*. Sallama *a rvey*, sai an jima. Akwai tsohuwar *Diè wåde*, Allah ya tsare, wadda ke ɗauke da *w* ɗin nan na *ward*, kuma *goodbye* ma taƙaitaccen *God be with you* ne.

Wajen aiki, ka raba shafin littafinka gida huɗu: siffar Liège, siffar *rifondou*, Faransanci, da kalmar Turanci da za ka rataya ta a kai idan akwai. Kalma goma a rana sun isa, kowacce cikin gajeriyar jimla, saboda siffar kalma na sauyawa da maƙwabciyarta kamar yadda muka gani a *scole*. Kada ka yar da Faransancinka, domin manyan ƙamusoshin, irin *Dictionnaire liégeois* na Jean Haust da ya fito a 1933, da Faransanci suke bayani. Wikipedia ta Walon da *rifondou* ake rubuta ta, tana da amfani ga ido amma ba za ta koya maka furucin Liège ba. Wannan sai kunne. Ka sani cewa aji, ofis da kanti duk da Faransanci suke tafiya, kuma UNESCO ta sa Walon cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa, duk da amincewar da hukumar al'ummar masu Faransanci ta Beljiyam ta yi da shi a 1990 a matsayin harshen yanki. Inda za ka ji shi sosai shi ne bakin dattawa, gidan wasan kwaikwayo na Trianon a unguwar Outremeuse, wasannin 'yar tsana na Tchantchès, da bikin 15 ga Agusta a wannan unguwa.

Ranar Lahadi da safe kuma ka leƙa kasuwar La Batte a bakin kogin Meuse. Ciniki da Faransanci za a yi, amma kalmomin Walon na tsalle a ciki. Biyu daga cikinsu za su yi maka daɗi domin muna da su. *Dringuele* tukwici ne, daga *drinkgeld* na harshen Holan, kuɗin shan ruwa. *Rawete* kuma gyara ce, ɗan ƙarin da mai kaya ke ɗora maka bayan an gama awo, abin da Turanci na yau da kullum ba shi da kalma guda a kansa. Idan mai tumatir dattijuwa ce, ka ce mata *bondjoû*, ka yi cinikinka, in ta zo ɗaure leda ka ce *et l' rawete?*